Ukasha, Ukkasha ko Ukashatu?

Kwana bakwai ne tsakanin haihuwa da raɗin suna, kuma a gidaje da yawa cikin waɗannan kwanaki ake yin wata gardama ta ƙasa-ƙasa wadda 'yan barka ba sa ji. Uban jariri, musamman matashin da ya yi Islamiyya ko ya karanta tarihin sahabbai, yana so ya sa wa ɗansa sunan da ba a kowane gida ake jin sa ba. Iyayensa da gwaggwanninsa kuwa sun riga sun ajiye wani suna a ransu, galibi na wani dattijon gidan da ya riga mu gidan gaskiya. Idan uban ya yi rinjaye, gardama ta biyu takan taso tun ba a gama rabon goro da dabino ba: to, yaya ake faɗin sunan? Don kada maganar ta tsaya a iska, na ɗauki suna ɗaya zan bi ta kansa, wato Ukasha. Ba baƙo ba ne ƙwarai a ƙasar Hausa, akwai masu shi, amma yaro zai iya gama firamare da sakandare bai zauna aji ɗaya da mai sunan ba, alhali ya zauna da Abubakar da Ibrahim da Usman ba adadi.

Mai sunan na asali shi ne Ukasha ɗan Mihsan, daga ƙabilar Banu Asad, cikin waɗanda suka musulunta da wuri suka yi hijira zuwa Madina. Ya halarci Badar, kuma malaman sira sun ruwaito cewa takobinsa ya karye ana tsakiyar fama, Manzon Allah (SAW) ya miƙa masa wani itace, ya zama takobi a hannunsa. A shekara ta 6 bayan hijira an ba shi jagorancin mutum 40 zuwa wani ruwa na ƙabilarsu da ake kira Gamru. Ya yi shahada a yaƙin ridda, farkon halifancin Sayyidina Abubakar, a hannun Ɗulaiha wanda ya yi da'awar annabta kafin daga baya ya tuba. Abin da ya fi sanar da shi ga ɗalibai shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka kawo kan mutum 70,000 da za su shiga Aljanna ba hisabi. Shi ya fara miƙewa ya roƙi a yi masa addu'a ya kasance cikinsu, aka yi masa. Wani ya tashi bayansa da irin wannan roƙo, aka shaida masa cewa Ukasha ya riga shi. Har gobe Larabawa na buga misali da wannan amsa ga wanda ya zo a makare. Akwai kuma wata doguwar ƙissa da masu wa'azi ke so, wai ya nemi ramuwa a jikin Annabi don ya samu damar sumbatarsa. Ibnul Jauzi ya sa ta cikin ƙagaggun hadisai, don haka ba za ta shiga hujjojin wannan muhawara ba.

Masu goyon bayan irin wannan suna daga nan suke farawa. Suna cewa sahabbai dubbai ne, amma mu mun tsaya kan 'yan sunaye kaɗan muna ta juya su. Wanda ya sa wa ɗansa Ukasha ya raya sunan mutumin da aka yi wa bushara da Aljanna yana raye, kuma duk ranar da aka tambayi yaron daga ina sunansa, an buɗe ƙofar wani darasi na sira. Suna linzami ne, in ji Bahaushe, kuma uban da ya zaɓi sunan mai rigegeniya zuwa alheri yana fata ne ɗansa ya taso da wannan hali.

Suna da hujja ta biyu, ta zaman duniya. Bahaushe ba shi da sunan dangi da ake gada daga kaka zuwa jika. Sunansa da na mahaifinsa yake ɗauka. Idan sunayen da ake zaɓa daga ciki 'yan kaɗan ne, dole a yi ta karo. Tun zamanin makarantun boko na farko aka ga wannan, shi ya sa manyanmu da yawa suka shahara da sunan garuruwansu: Aminu Kano, Shehu Shagari, Isa Kaita, Abubakar Tafawa Ɓalewa. A yau duk malamin da ya taɓa kiran rajista ya san yadda ake samun Muhammad Sani biyu ko uku a aji guda, sai an koma Sani Ƙarami da Sani Dogo. A asibiti, a banki, a jerin sunayen masu karɓar albashi, wannan kamanni yakan jawo ruɗani na gaske. Yaron da ake kira Ukasha ya tsira daga wannan, da an kira shi an san wa ake nufi.

Masu adawa ba su rasa abin cewa ba, kuma a ganina hujjarsu ta farko ta fi duk abin da za a faɗa a wannan muhawara nauyi. A wurinmu suna ba ado ba ne da uba ke zaɓa don ya dace da ɗanɗanonsa. Suna igiyar zumunci ce. Ana mayar da sunan mahaifi da ya rasu, ana yi wa ƙanin uba takwara, ana sa sunan malamin da ya koyar da mutum karatu ko aminin da ya tsaya masa ranar wahala. Wanda aka yi wa takwara ya ɗauki nauyi: zai kawo kayan barka, zai riƙa tambayar mai sunansa, wani lokaci har ya ɗauke shi riƙo ko ya tsaya masa ranar aure. Tsohuwar da aka mayar wa da sunan mijinta ba za ta iya furta sunan jaririn ba saboda kunya, sai ta ce Maigida, ko Mai Sunan Malam, sauran gida su ce Abba ko Baffa ko Halifa, kuma duk lokacin da ta ɗauke shi tana jin gidan bai mutu ba. Idan ɗanta ya zo ya ce, "Inna, na sa masa Ukasha," za ta ce, "Allah ya raya, Allah ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne." Ba za ta yi musu ba. Amma ta ji a ranta cewa an tsallake wani. Uban da ke neman sunan da babu mai shi a dangi, ko ya sani ko bai sani ba, yana yanke wannan igiya ne a wuri ɗaya.

Sai batun yayi. Masu adawa suna cewa sun ga irin wannan a baya. Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991 aka yi ta samun Saddam. A farkon 2002 BBC ta ba da rahoton cewa a wani asibiti a Kano kusan bakwai cikin goma na jarirai maza Usama ake sa musu. Sunan sahabi ne, Usama ɗan Zaid, amma kowa ya san ba shi ne ya jawo wannan rububi ba a lokacin. Kaset ɗin ƙira'ar limaman Harami ya kawo mana Sudais da Shuraim, waɗanda a can sunayen dangi ne, ba sunayen yanka ba. Yanzu kuma wayar hannu ce ke raba suna: a buɗe intanet a nemi jerin sunaye masu daɗin ji, a ɗauki wanda ya fi zaƙi a kunne, ba a tambayi malami ma'anarsa ba. Sunan da aka zaɓa don ya zama na daban, in ji su, bayan shekara biyar sai ka tarar da shi a kowane layi, ya zama tambarin shekarar haihuwa. Yawan masu suna kuma ba aibi ba ne. Hadisi ya nuna Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwa a wurin Allah, kuma ko a Ingila da Wales hukumar ƙididdiga ta bayyana Muhammad a matsayin sunan da aka fi sa wa jarirai maza a 2023. Babu wanda ya ce sunan ya tsufa.

Akwai kuma waɗanda suka binciko ma'anar kalmar. A ƙamus na Larabci, ukkasha na nufin gizo-gizo, ko saƙarsa. Ga Bahaushen da ya taso yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, inda Gizo ke wayo da zamba da haɗama, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yaran makaranta ba sa barin irin wannan dama ta wuce su idan suka gano.

Wannan hujja ta ma'ana ita ce mafi rauni, kuma ya kamata a ajiye ta da wuri. Manzon Allah ya canza sunayen da ya ga ba su dace ba: ya mayar da Asiya mai ma'anar mai saɓo zuwa Jamila, ya mayar da Barra zuwa Zainab, ya so ya mayar da Haznu, kakan Sa'idu ɗan Musayyib, zuwa Sahlu. Ukasha ya zauna tare da shi shekaru, ya yi yaƙi a gabansa, bai canza masa suna ba. Larabawa sun saba sa wa 'ya'yansu sunayen dabbobi da itatuwa. Usama da Haidar zaki ne, Ɗalha wata itaciya ce mai ƙaya. Wanda ya sa sunan sahabi, mutumin yake nufi, ba ƙamus ba. Batun yayi kuwa gaskiya ne, amma ya shafi niyyar uban ne fiye da sunan. Suna mai shekara sama da 1,400 wanda ke cikin Buhari ba zai zama abin kunya ba don labarai sun canza.

Abin da masu adawa kan manta shi ne yawancin sunayen da muke gani namu ne na gado, wata rana baƙi ne. Buhari nisba ce zuwa birnin Bukhara da ke Uzbekistan ta yau. Son malamin hadisi ne ya sa wani uba ya fara sa wa ɗansa, har sunan ya kai fadar shugaban ƙasa. Sanusi, Tijjani, Gazali, Badamasi, duk sunayen malamai ne na nesa da suka iso mana ta hanyar littafi ko ɗariƙa. Da kakanninmu sun ƙi duk sunan da babu mai shi a dangi, da har yanzu muna kan Tanko da Nomau da Shekarau kaɗai. Su ma waɗannan, abin takaici, yanzu su ne suka zama sunayen da ba a cika ji ba, kuma ban ga masu neman suna na daban suna waiwayarsu ba.

Gardamar furuci ta fi ta zaɓin suna zafi, domin ita ba ta ƙarewa ranar suna. Sanƙira zai ɗaga murya ya sanar da abin da kunnensa ya ji daga bakin liman, mata a cikin gida su karɓa su juya shi yadda harshensu ya ba su, kafin azahar suna ɗaya ya zama uku ko huɗu: Ukkasha, Ukasha, Ukashatu, wani ma ya ce Akasha.

Ɓangare ɗaya na cewa a faɗe shi yadda Larabawa suka faɗa, da ainun daga maƙogwaro, da shadda a kan kaf, da jan wasali na biyu. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi da yawaitar makarantun Islamiyya da koyon tajwidi da dawowar ɗaliban da suka yi karatu a Madina da Masar da Sudan. Su ne za ka ji suna gyara wa mutum: ba Mamman ba ne, Muhammad ne, ba Isuhu ba ne, Yusuf ne, ba Sama'ila ba ne, Isma'il ne. Hujjarsu ita ce girmamawa. Sunan Annabi ko na sahabi ba abin da za a tauna yadda aka ga dama ba ne, kuma idan muna iya koyon furta sunayen 'yan ƙwallon Turai daidai, me zai hana mu koyi na sahabbai? Suna da gaskiya a wuri ɗaya da ba zan yi jayayya da su ba: inda gajartawa ke taɓa sunan Allah ko ke canza ma'ana. Wanda aka sa wa Abdurrahman a riƙa kiransa Rahman kawai, an kira bawa da sunan Ubangijinsa, kuma wannan gyara wajibi ne.

Amma a kan Ukasha, da ma galibin sunaye, ina ganin ɗaya ɓangaren, na masu cewa a bar kowa ya faɗa da harshensa, ya fi su hujja, kuma hujjar daga littattafan da masu gyaran ke girmamawa take. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa ana faɗin sunan da shadda, ana kuma faɗinsa ba shadda, dukansu sanannu ne a wurin malaman lugga, sai dai mai shaddar ya fi yawa. Ke nan wanda ya ce Ukasha bai yi kuskure ba, wanda ya ce Ukkasha ma haka. Ukashatu kuwa, da wasu ke gani furucin ƙauye ne, daga zauren malamai ya fito. Almajirin da ke karanta littafi a gaban malaminsa yana bayyana wasalin ƙarshen kowace kalma, don haka harafin ta da ke ƙarshen sunan sai ya fito fili. Ta wannan hanya muka samu Ɗalhatu da Usamatu da Huzaifatu, kamar yadda muka samu A'ishatu da Aminatu. Tsohon da ya ce Ukashatu yana maimaita karatun zaure ne, da i'irabinsa.

Saura ainun. Hausa ba ta da wannan harafi, tana da hamza, kuma da ita muke faɗin Umar da Usman da Aliyu da Isa tun da Musulunci ya shigo ƙasar nan. Harshenmu yana da ƙa'idojinsa na karɓar baƙin haruffa, ba a hargitse yake yi ba. Ɗa ta Larabci ta zama ɗ a Ɗahiru da Ɗayyabu. Harafin da ake sa harshe tsakanin haƙora ya zama s a Usman da Sani da Salisu, ɗan'uwansa ya zama z a Mu'azu da Huzaifa. Harafin ladi ya zama l, shi ya sa muke cewa alƙali, kuma shi ya sa Janar Murtala Muhammed, wanda ya mulki Nijeriya daga 1975 zuwa 1976, duniya ta san shi da Murtala ba Murtada ba. Tsohon shugaban Nijar Mahamadou Issoufou ya yi shekara 10 kan mulki da sunansa yadda mutanen ƙasarsa ke faɗi, ba wanda ya ce ya wulaƙanta Muhammad ko Yusuf. Ba mu kaɗai ke haka ba. Turkawa na cewa Mehmet, Misirawa na cewa Gamal a maimakon Jamal. Su kansu Larabawa, malaman nahawunsu sun tabbatar cewa Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ ba asalin Larabci ba ne, an karɓe su ne aka daidaita su da harshe. Karatun Alƙur'ani da salla suna da hukuncinsu, a nan dole a fitar da kowane harafi daga mafitarsa. Kiran yaro ya zo ya ci tuwo ba tilawa ba ce.

Abin da ke damuna da masu tsananta gyara shi ne abin da yake haifarwa a cikin gida. Kaka ta ɗauki jikanta ta ce, "Ukashatu, zo nan ɗan albarka," sai ɗanta ya ce, "Hajiya, ba haka ake faɗa ba." Sau biyu, sau uku, sai ta daina kiran sunan gaba ɗaya, ta laƙa masa wani na wasa, kuma nata ne zai bi shi har girma, domin a gidan Bahaushe sunan da kaka ta raɗa ya fi na liman yawo. Uban da ya so a ji sunan sahabi a gidansa ya kore shi da hannunsa. A nan ne ma Ukasha ya fi wasu sunayen yayi sauƙi: gaɓoɓinsa uku duk a buɗe suke, ya ƙare da wasali yadda Hausa ke so, babu baƙaƙe biyu da suka cushe wuri ɗaya. Sunan da tsohuwa za ta iya kira daga tsakar gida a ji shi a zaure ya cika sharaɗin zama a cikinmu.

Inda sassauci ba shi da amfani shi ne takarda. Baki na iya faɗin suna ta hanya huɗu ba a yi asara ba, amma kwamfuta ba ta san Ukasha da Ukashat da Ukashatu mutum ɗaya ba ne. Tun da aka shigo da BVN a 2014, kuma JAMB ta wajabta lambar NIN ga masu rajistar jarrabawa daga 2021, bambancin harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da ta makaranta na iya tsayar da yaro a ƙofar jami'a ko ya sa iyaye zaryar kotu neman takardar rantsuwa. Wannan ya fi samun masu sunan da ba a saba da shi ba, domin ma'aikacin da ke rubutawa bai taɓa ganinsa ba, abin da ya ji zai rubuta. A Masar ana rubuta sunan Okasha da haruffan boko, kamar na Sarwat Okasha, ministan al'adu a zamanin Nasser. A ƙasashen da ke rubutu da ƙa'idar Faransanci yakan zama Oukacha, don haka 'yan'uwa biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Maraɗi, za su iya ɗaukar suna ɗaya da rubutu biyu. Mai ƙarshen "tu" kuma yana da tasa matsalar, domin wanda bai san Ɗalhatu namiji ba ne zai iya sa yaron a jerin mata. Shawarata ga uba ita ce ya zaɓi rubutu ɗaya tun ranar da zai karɓi takardar haihuwa, mafi gajarta, Ukasha, ya rubuta da hannunsa ya miƙa, ya kuma duba kafin a buga hatimi.

Batun takwara ne ban ga an warware shi ba. Wasu na bin tsohuwar hanya ta haɗa suna biyu, irin ta Muhammadu Bello da Muhammadu Sanusi, sai a ce Ibrahim Ukasha: an mayar da sunan kaka, uba kuma ya samu abin da yake so, kuma da yake gida na jin kunyar kiran Ibrahim, Ukasha ne zai zama sunan kira. Dabara ce mai kyau, sai dai fom ɗin makaranta da na banki kan ɗauki suna na biyu a matsayin na mahaifi, don haka dole a kula da yadda aka jera su. Inda hakan ba zai yiwu ba, ni ina ganin ɗan fari na dangi ne. A mayar da sunan wanda ya kamata a mayar, a faranta wa tsofaffi tun suna raye. Idan Allah ya ƙaro wani namijin, uba ya je ya gaya wa mahaifiyarsa tarihin Ukasha ɗan Mihsan tun kafin ranar suna, ya bar ta ta faɗi sunan yadda bakinta ya iya.